Yadda na gaida surukina a kwance

Waɗanda suke majalisarmu ranar Asabar ɗin nan sun riga sun baza labarin faɗuwar da na yi daga kan allon zamiya yadda ransu ya so, saboda haka ya zama dole in rubuta nawa, domin a san cewa ta fuskar gyara babu inda aikina ya kauce wa ƙa'ida. Allon zamiyar nan mai taya huɗu na ɗan yayata ne. Babansa ya sayo masa daga Legas bayan yaron ya ishe shi da labarin wata 'yar Japan, Momiji Nishiya, wadda ta ci lambar zinare a wasan zamiya da irin wannan allo a gasar Olamfik ta Tokyo a 2021 tana da shekara 13. Da zai koma makarantar kwana sai uwarsa ta kawo mini ajiya, tare da roƙon in duba dalilin da ya sa ya daina gudu, tunda a danginmu ni aka sani da akwatin sifana.

Dalilin bai ɓuya ba, ƙurar hunturu ce ta cika boris. Kowace taya tana da boris biyu, takwas ke nan gaba ɗaya, kuma duk mai lamba 608 ne, wato ramin tsakiyarsa milimita 8, faɗinsa 22, kaurinsa 7. Irinsa ake sa wa ƙananan injuna da yawa, shi ya sa ban sha wahala ba na same shi a kasuwar Sabon Gari wajen masu sayar da kayan gyaran fanka. Waɗanda suka mutu na sauya su, sauran kuma na ɓalle murfin robarsu da tsinin allura, na wanke su da sifirit, na bar su suka bushe sarai, sannan na ɗiga wa kowanne man keken ɗinki ɗigo biyu. A nan ne mai gyaran keken bakin layinmu ya sa baki ba tare da an tambaye shi ba, ya ce tun da yake bai taɓa ganin boris ya zauna lafiya babu giris ba. Na yi masa bayani cikin ladabi cewa giris mai kauri yana danne gudun ƙaramin boris, sai ya ce shi dai ya faɗi tasa.

Tayoyin da suka zo da allon milimita 52 ne, taurinsu 99A, irin waɗanda aka yi domin sumulmulen siminti kamar na filin zamiyar da aka buɗe a Accra a 2021. A layinmu kuwa ƙaramar tsakuwa ta isa ta tsayar da su cak. Na aika Legas aka saka mini masu laushi a mota, milimita 60, tauri 78A, waɗanda suke taka tsakuwa su wuce. Babbar taya tana da sharaɗi guda, ana sa wata 'yar roba tsakanin katakon da ƙarfen da ke riƙe da tayoyin domin a ƙara tsayi, in ba haka ba idan mutum ya karkata zai sha kwana, tayar takan ciji cikin katakon ta tsaya nan take. Na nemi robar, mai kayan ya manta bai haɗo da ita ba. Maganin wucin gadi shi ne a ɗaure notin babbar kusar tsakiya, wanda yake matse bushin, wato zobban roba da ke jikin kusar, yadda allon ba zai karkata da yawa ba. Na ɗaure shi da hannuna, na danna gefen allon da ƙafa na ga akwai sauran fili tsakanin taya da katako, sannan na jingine shi a rumfar mai gyaran keke na shiga masallaci sallar La'asar. Daga baya yaronsa ya tabbatar mini cewa ina juya baya maigidan nasa ya ɗauki sifana ya sassauta notin gaba da na baya, wai ya ji abin ya yi tauri ba zai yi daɗin kwana ba.

Ban yi niyyar hawa ba, kuma shaidata ita ce farar shaddar da ke jikina da hular da aka karɓo daga wanki a ranar. Majalisa ce ta dage cewa wanda ya yi gyara shi yake gwadawa. Na ɗora ƙafar hagu, na tura da ta dama sau ɗaya kacal, da nufin in tsaya daidai shagon mai shayi. Sai dai kowa ya san layinmu yana da ɗan gangare daga masallaci zuwa ƙofar gidana, gangaren da ba a lura da shi sai ranar ruwan sama, kuma boris ɗin da na wanke sun yi aikin da aka wanke su dominsa. Na wuce mai shayi, na wuce mai faci, allon yana tafiya shiru babu ƙara ko kaɗan, kuma ina so a rubuta cewa har a wannan lokacin abin da ke raina alfahari ne da ingancin aikin. Iska ta cika mini riga, hula ta tashi ta yi nata wuri. Ina dab da gida sai akuyar maƙwabta ta fito daga lungu ta tsaya a tsakiyar hanya tana tuƙa, a gefe guda kuma ga adaidaita sahu ta tsaya a ƙofata ana sauke wani dattijo. Na karkata dama kaɗan domin in bi tsakaninsu, allon ya kwanta fiye da abin da na umarce shi, na ji tayar gaba ta ciji katako, komai na ƙarƙashina ya tsaya, ni kuwa ban tsaya ba.

Na sauka a kan tafin hannu da gwiwa da haɓa, na ɗan ja ciki a ƙasa, na tsaya daidai gaban wasu takalma sau-ciki baƙaƙe waɗanda na gane su tun kafin in ɗaga kai, domin ni na saye su da ƙaramar salla. Mahaifin maiɗakina ne, ya zo daga gida duba jikokinsa ba tare da aike ba.

Duk wanda ya san dattijon nan ya san mutum ne mai kawaici. Bai ce sannu ba, bai miƙo hannu ba, domin yin hakan yana nufin ya ga abin da ya faru, shi kuwa ya riga ya yanke shawarar cewa bai ga komai ba. Ya kafa idonsa a kan darbejiyar ƙofar gida. Ni ma da na ga ba ni da wata mafita, sai na ce daga inda nake, "Baba, barka da yamma, an zo lafiya?" Ya ce, "Lafiya ƙalau, Malam, mun same ku lafiya?" Na ce lafiya ƙalau. Ya tambayi aiki na ce da godiya, ya tambayi sanyi na ce lokacinsa ne, na tambayi mutanen gida, ya bi su ɗaya bayan ɗaya har da wadda ta yi zazzaɓi ta warke. Duk wannan haɓata tana ƙasa, akwai yashi a bakina, kuma na kasa tashi saboda gefen rigata yana ƙarƙashin gwiwata, duk yunƙurin da na yi sai wuyan rigar ya mayar da ni. Da gaisuwar ta ƙare, maimakon ya shige, sai ya sake ɗauko ta daga farko, ina zaton domin ya ba ni lokacin tashi, na sake amsa masa ita tiryan-tiryan. Mai adaidaita yana riƙe da canjinsa ya kifa kai a kan sitiyari, kafaɗunsa suna rawa. Allon kuwa da ya rabu da nauyina sai ya ci gaba da gangarawa a hankali, ya bi ta gefen dattijon, ya faɗa kwata.

Duk wannan zan iya haɗiye shi. Wanda ban yafe wa ba shi ne maƙwabcina, malamin kimiyyar nan mai ritaya, wanda ya taso daga majalisa da gudu har na yi tsammanin taimako ya kawo. Yana isowa sai ya tsaya a kaina ya juya ga yaran da suka taru, ya ce su lura da kyau domin abin da suka gani yanzu shi ne dokar motsi ta farko da masanin kimiyya Newton ya rubuta a 1687, cewa abin da yake tafiya ba ya fasa tafiya sai wani ƙarfi ya tare shi. Ya nuna kwata ya ce an tare allo, ya nuna ni ya ce ba a tare Malam ba sai da ƙasa ta tare shi. Har ya tambayi wani yaro ya maimaita. Mutumin nan tun damina ya ari tsanina zai gyara indararo, har yau yana jingine a zaurensa ina hango shi kullum idan zan wuce, kuma duk ranar da na yi maganarsa sai ya ce ai yana sane. Shi ne kuma ya tsinci hulata, bai ba ni a wurin ba, ya bari sai bayan Magariba da majalisa ta cika ya kawo ta a kan tafin hannu biyu, yana tambaya ko akwai wanda ya san direban da ya yar da ita. Shekarun baya da ya zame a bakin famfo ya yi targaɗe, ni na kai shi wajen mai ɗori a motata, ban kira sunan Newton ba ko sau ɗaya a hanya.

Mai gyaran keke kuma yanzu yana gaya wa duk wanda ya kawo faci cewa da an sa giris da allon bai yi wannan gudun ba. Maganar noti kuwa ya ce bai tuna ba.

Yara sun ciro allon da sanda. Katakonsa ɓawo bakwai ne na itacen maful da aka manne da gam, ruwa kuwa shi ne babban abokin gabarsa, don haka na goge shi na shanya a inuwa, na sake kwance boris takwas ɗin na wanke tun kafin tsatsa ta kama su. Washegari Baba ya aiko jikansa da kwalbar man zafi, babu wani saƙo tare da ita. Robar nan dai an ce tana hanya. Ɗan yayata kuma ya aiko a gaya mini in mayar masa da tsofaffin tayoyinsa, wai masu laushi ba sa yin irin tsallen da yake koyo, na duba inda na ajiye su na tarar yaran gidan sun riga sun yi motar langa-langa da biyu daga ciki.