Ƙarar ICU za ta ƙarasa mu kafin fansho

Wallahi abin ya ishe ni! Kullum maganar albashi da alawus ake, amma babu mai tanka ƙarar da ke cin mu, mu ma'aikatan jinya, a ɗakin ICU, wato ɗakin da ake kwantar da majinyatan da jikinsu ya yi tsanani. Monita na ƙiit-ƙiit, bentileta, injin taimaka wa numfashi, na nata, famfon ƙarin ruwa ya ƙare shi ma ya ɗau kuka, injin zuƙe majina na gurnani, ga masinja na jan silindar oksijin a kan tayil saboda turolin ya karye tun bara ba a gyara ba, NEPA ta ɗauke a tada janareta dab da tagarmu, kuma a cikin wannan hayaniyar ake so mutum ya lissafa allurar da kuskure kaɗan a cikinta ke kai majinyaci lahira.

Tun 1999 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙarar ɗakin jinya kada ta wuce desibel (ma'aunin ƙarfin ƙara) 30 zuwa 35, wato kusan raɗa. Binciken jami'ar Johns Hopkins na 2005 ya nuna da rana asibitoci na kaiwa 72. To mu masu janareta fa?

Ka tashi dutin dare kai na sarawa, kunne na shuuu, ka kwanta barci ya ƙi zuwa don alam ɗin, wato ƙararrawar gargaɗin na'urorin, na bugawa a ƙwaƙwalwarka, yaro ya ɗan yi wasa ka daka masa tsawa ba laifin komai. Ƙara na ɗaga bugun zuciya da hawan jini, mu da ke auna BP ɗin mutane namu ya fi nasu hawa!

Abin tsoron ma, yawancin alam ɗin na ƙarya ne, sitikar monita ta saki daga ƙirjin majinyaci ko abin auna oksijin na yatsa ya zame, har kunne ya saba ya daina zabura. A Amurka hukumar Joint Commission mai tantance asibitoci ta lissafa mutuwar mutum 80 daga 2009 zuwa 2012 kan matsalar alam. Ranar da ta faru a nan, nas za a rataya wa laifin.

Mun kai kuka ofis, wai "Sista ki yi haƙuri, aikin lada ne." Ladan ne zai saya min maganin hawan jini? A gyara turoli, a kawo sitika mai kamawa, a saita alam daidai da kowane majinyaci, a janye mana janaretan nan daga bakin taga, haba!