Natan fa annabin gidan Dauda ne

'Yan'uwa cikin Almasihu, akwai abinda ya daɗe yana tsaye min a rai. Duk sanda yaƙi ya ɓarke sai mu cika intanet da kiran tuba, amma in ka duba da kyau wancan ɓangaren kawai muke kira su tuba. Namu shugaban kuwa, wanda muka zaɓa muka yi masa kamfen har muka ɗora masa hannu a coci, ko gari guda aka ragargaza da umarninsa sai mu ce ai ba yadda zai yi, yaƙi ne.

Wannan maganar tsohuwa ce. Ku buɗe 2 Sama'ila sura 11. Dauda ya kwana da matar Uriya, ciki ya shiga, sai ya rubuta wa Yowab, shugaban sojojinsa, wasiƙa a sa Uriya inda faɗa ya fi zafi a janye a bar shi, kuma Uriya da hannunsa ya kai wasiƙar nan bai san ajalinsa ya ɗauko ba. Abinda ke sa ni hawaye, ba shi kaɗai ya mutu a bakin ganuwar Rabba, birnin da suke yaƙa, ba, akwai wasu sojojin da suka faɗi tare da shi, ko sunayensu ba a rubuta ba, alhali kowannensu uwa ce ta haife shi. Da labari ya iso fada me Dauda ya ce? Wai kar abin ya dami Yowab, takobi yakan ci wannan ya ci wancan. Har yau da irin wannan kalma masu mulki ke rufe jini, mu kuma mu taya su yaɗawa.

To wa Allah ya aika? Natan, mutumin da a sura 7 ya kawo wa Dauda alkawarin cewa gidansa zai dawwama. Na cikin gida ne, yana da abin da zai rasa, duk da haka ya dubi idon sarki ya ce kai ne mutumin. Dauda kuma bai ce an sayi Natan ba, bai kira shi ɗan adawa ba, ya ce na yi wa Ubangiji zunubi.

A shekara ta 390 sojojin Tiyodosiyus, sarkin daular Roma, sun kashe dubban mutane a Tasalonika don ramuwar kashe wani kwamanda. Sarkin nan Kirista ne, ya tsaya wa ikilisiya sosai, amma Amburos bishop na Milan ya rubuta masa cewa ba zai ci jibin Ubangiji ba sai ya tuba, kuma ya tuba a gaban jama'a. Fastoci nawa ne yau za su iya wannan da ɗan siyasar da ya gina musu coci?

Na san wani zai kawo min Romawa 13. Na yarda, mu yi biyayya ga hukuma, ban kuma ce kar ƙasa ta kare mutanenta ba. Amma Bitrus ma ya tsaya gaban majalisa ya ce dole mu bi Allah fiye da mutum, kuma biyayya daban, wanke laifi daban.

Ni kaina na taɓa ganin hoton yaran da bam ya kashe, abu na farko da na fara dubawa shi ne wane ɓangare ne ya jefa, da na ga wanda nake goyon baya ne sai na yi shiru na wuce. Wannan shirun zunubi ne, na kai shi gaban Allah. Ran Lahadi in an ce a yi wa sojoji addu'a zan yi da zuciya ɗaya, amma zan ambaci matan da yaran wancan ɓangaren, shugaban da na zaɓa kuma zan roƙi Allah ya aiko masa da Natan, ya ba shi kunnen ji.