Wai Holan ta halasta wiwi? A je Terneuzen a tambaya

Jama'a, akwai maganar da nake yawan ji a bakin samarinmu in an zo kan batun wiwi: wai ai Holan ta halasta, kuma ga shi ƙasar ba ta rushe ba. Holan ba ta halasta ba. Kau da kai ta yi, kuma akwai garin da wannan kau da kai ya faɗo wa a ka, sunansa Terneuzen.

Ƙaramin gari ne mai tashar jiragen ruwa a lardin Zeeland, a bakin Westerschelde, ruwan da manyan jiragen kaya ke bi zuwa birnin Antwerp na Beljiyam. Da na je, jiragen ne suka tsayar da ni. Kana tsaye kan ganuwar da ta tare ruwa, sai jirgi maƙare da kwantena ya gifta ta gabanka, kusa har kana karanta rubutun jikinsa, iska na yankar kunne, tsofaffi na wucewa a kan keke ko ɗaga kai ba sa yi. Can gefe ga masana'antar sinadarai ta kamfanin Dow da bututunta. Garin ma'aikata ne. Kafin a buɗe hanyar ƙarƙashin ruwa mai tsawon kilomita 6.6 a 2003, mai son shiga sauran Holan daga nan sai dai ya hau jirgin fito ko ya zagaya ta Beljiyam. Iyakar Beljiyam kuwa 'yan mintoci ne a mota, Faransa ma ba nisa.

Wannan kusancin ne ya haifi Checkpoint, shagon wiwi mafi girma da aka yi a Holan a zamaninsa. A ranakun da ciniki ya kankama, mutum kusan 3,000 ke shiga a yini, yawancinsu 'yan Beljiyam da Faransa. Lamba ake karɓa a jira layi, kamar a banki.

To ga inda gizo ke saƙar. Tun gyaran dokar 1976 aka raba ƙwayoyi masu tsanani da wiwi, da nufin kada yaron da ya je neman ganye ya faɗa hannun dillalin hodar iblis. Ni ba na goyon bayan sha ko kaɗan, addinina ya hana maye, amma wannan tunanin nasu ba na wauta ba ne, a ba su haƙƙinsu. Sai aka ce shago ya sayar, ba za a kama shi ba, muddin bai wuce giram 5 ga mutum ɗaya ba, bai sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, kuma bai ajiye fiye da giram 500 ba. Noma da sari kuwa suna nan a matsayin laifi. Wato ka sayar, amma kada ka saro.

Yanzu ku yi lissafin da kanku. Mutum 3,000, ko da giram 2 kowa ya saya, kilo 6 ke nan a yini. Shagon da aka yarje wa rabin kilo, ta ina zai ciyar da wannan layin? Dole akwai rumbu a ɓoye, dole akwai masu safara dare da rana, kuma babu hukumar da ba ta iya wannan lissafin ba. Ƙaramar hukumar ta san da shagon, ta bar shi ya bunƙasa, ma'aikatar haraji tana karɓar nata. Sai ga 'yan sanda sun kai samame a 2007 da 2008, sun kwashe kusan kilo 200, aka garƙame wurin a 2008. A 2010 kotu ta sami mai shagon da laifi. Da aka ɗaukaka ƙara, kotun gaba ta ce bai ma kamata a gurfanar da shi ba, tunda hukuma ce ta zura ido yana yi. Haka shari'ar ta yi ta kai da komo shekara da shekaru. Alƙalan ƙasar ma sun kasa daidaita baki kan ko laifi ne ko ba laifi ba, amma wani yana zaune a majalisar shayi yana rantsuwa an halasta.

Mutanen gari su ne abin tausayi. Ba su ne masu sha ba galibi, amma su suka yi ta fama da cunkoson motoci da hayaniya da 'yan talla a lungu masu tare baƙi. Terneuzen ba ita kaɗai ba ce: garuruwan Roosendaal da Bergen op Zoom su ma sun gaji, suka hana shagunansu sayarwa gaba ɗaya a 2009. A watan Mayun 2012 aka fara hana wanda ba mazaunin ƙasar ba saye a lardunan kudu uku, Zeeland da Brabant ta Arewa da Limburg, sai dillalan titi suka sami kasuwa.

Sai a Disambar 2023 gwamnati ta fara gwajin barin wasu manoma masu lasisi su riƙa kai wa shaguna kaya, aka fara da biranen Breda da Tilburg. Shi ma gwaji ne, a ƙananan hukumomi ƙalilan, shekara 47 bayan dokar 1976.