Ba ɓoye suna ne ke sa mutum zagi a intanet ba

Da zarar aka taɓo maganar rashin ladabi a intanet, bayanin da ya fi saurin zuwa baki shi ne wai mutane suna fakewa da sunayen bogi, shi ya sa suke faɗin abin da suka ga dama. A tilasta wa kowa ya fito da sunansa na gaskiya, in ji masu wannan ra'ayi, za a ga kowa ya shiga taitayinsa. To, an gwada. A shekarar 2007 Koriya ta Kudu ta kafa dokar da ta wajabta wa manyan shafukan ƙasar su tantance ainihin sunan mutum kafin su bar shi ya rubuta komai. A watan Agustan 2012 kotun tsarin mulkin ƙasar ta soke dokar, kuma cikin dalilanta har da rashin hujjar cewa munanan kalamai sun ragu sosai. Ba ma sai an je Koriya ba. Duk mai Facebook ya sha ganin mutum da sunansa da hotonsa, har da sunan wurin aikinsa a jiki, yana ɗura wa wanda bai taɓa gani ba ashar.

A ganina cutar tana cikin rubutun kansa. Idan kana magana da mutum ido da ido, fuskarsa tana yi maka gargaɗi tun kafin ka ƙarasa zancen. Ka ga ya ɗaure fuska sai ka sassauta, ka ga ya sunkuyar da kai sai ka gane ka taɓo inda ke masa ciwo. Wannan gyara yana faruwa ba tare da ka yi niyya ba, shi ya sa muke zaton mu masu ladabi ne, alhali rabin aikin fuskar abokin magana ce ke yi mana. A allon waya babu wannan. Masanin halayyar ɗan Adam John Suler ya yi bayanin haka tun a 2004, inda ya lissafa abubuwa shida da ke kwance wa mutum linzami a intanet, kuma ɓoye suna ɗaya ne kawai daga ciki. A 2012 wasu masu bincike biyu a Jami'ar Haifa suka sa mutane muhawara a rubuce, wasu da suna wasu babu, wasu suna kallon idon juna ta kyamara wasu ba sa gani. Abin da ya fi rage zagi da barazana shi ne haɗa ido, ya fi bayyana suna tasiri.

Bayan fuska, rubutu ya kuma rasa murya, kuma nan ne mutanen kirki suka fi faɗawa rami. Justin Kruger da Nicholas Epley da abokan aikinsu sun wallafa wani bincike a 2005: aka ce wa mutane su aika jimloli ta imel, wasu da gaske wasu da gatse, sannan su yi hasashen sau nawa mai karɓa zai gane manufarsu. Masu aikawa suka ɗauka za a gane su kusan kashi 80 cikin ɗari. A zahiri abin bai wuce rabi da 'yan kai ba, wato kusan daidai da canki-canki. Dalilin a fili yake. Lokacin da kake rubuta barkwanci kana jin muryarka a cikin kanka, da dariyar da ke ƙarƙashinta, sai ka manta cewa haruffa kaɗai ne za su isa wurin wancan. Shi kuma zai karanta su da tasa muryar, a cikin halin da saƙon ya same shi. Idan ya tashi da ɓacin rai, wasanka ya zama habaici. Wannan matsala ce ta sa Scott Fahlman na Jami'ar Carnegie Mellon ya ba da shawarar alamar murmushi ta :-) a watan Satumban 1982, saboda ana ta ɗaukar raha a matsayin magana ta gaske.

Saboda haka nauyi biyu ne, ɗaya a kan mai rubutu ɗaya a kan mai karatu. Mai rubutu ya sake duba abin da ya rubuta kamar wanda bai san shi ba ne zai karanta, ya tambayi kansa ko akwai mummunar fassarar da za a iya yi wa kalmominsa. Mai karatu kuma ya kyautata zato, idan magana ta ɗauki fuska biyu ya tambaya, "Me kake nufi?" kafin ya zare takobi. Na biyun ya fi wuya, kuma shi aka fi sakaci da shi.

Abin mamaki, duk wannan an rubuta shi tun intanet tana jaririya. A watan Oktoban 1995 Sally Hambridge ta kamfanin Intel ta fitar da wata takardar ƙa'idojin ladabi da aka sani da RFC 1855. A ciki ta ce mutum ya yi taka-tsantsan da abin da yake aikawa, ya yi sassauci ga abin da aka aiko masa. Ta ce rubutu da manyan baƙaƙe zalla kamar ihu ne. Ta kuma ce idan saƙo ya tayar maka da hankali, ka bari a kwana kafin ka mayar da martani. A kwana fa! Yau wanda ya yi minti goma bai rama ba sai a ce an kashe bakinsa.

Kuma gaggawar nan ba halinmu kaɗai ba ne, da gangan aka gina ta. Kamfanonin sada zumunta suna cin riba ne da daɗewarmu a kansu, fushi kuwa yana riƙe mutum fiye da komai. Takardun cikin gida na Facebook da tsohuwar ma'aikaciyar kamfanin, Frances Haugen, ta fallasa a 2021 sun nuna cewa daga 2017 kamfanin ya riƙa ba alamomin motsin rai, har da ta fushi, maki biyar a inda alamar so ta yau da kullum ke da maki ɗaya, wajen zaɓen abin da za a tura wa jama'a. Daga baya ya janye wa alamar fushin wannan daraja. Amma ɗan jinkiri kaɗan yana aiki. Twitter, wadda yanzu ake kira X, ta gwada tambayar mutum ko yana son ya sake duba amsarsa idan ta ƙunshi cin mutunci, kuma a 2021 ta ce kashi 34 cikin ɗari sun gyara ko sun fasa aikawa. Mutum ɗaya cikin uku ke nan da tambaya guda ta ishe shi.

Akwai wata suka da ba zan raina ba. Sau da yawa "ka yi magana da ladabi" sanda ce da mai ƙarfi ke ɗaga wa wanda aka zalunta, a bar abin da ya faɗa a koma kan yadda ya faɗa. Gaskiya ne, kuma wanda aka cuta yana da haƙƙin ɗaga murya. Sai dai ladabin da nake nufi bai hana zafi ba. Kana iya ce wa mai mulki ya yi ƙarya, ka kawo hujja, ka nanata, ba ka fita daga ladabi ba. Inda aka fita shi ne sa'ad da aka bar maganar aka koma kan iyayen mutum ko ƙabilarsa ko surar jikinsa, ko aka ɗora masa abin da bai faɗa ba don a ji daɗin rusa shi. Mai zagi ma taimakon abokin hamayyarsa yake yi, domin ya ba shi ƙofar tserewa daga tambayar.

Abin da ya fi damuna shi ne taron dangi. Wani bincike na jami'o'in Stanford da Cornell a 2017 ya gano cewa mutum na yau da kullum ya fi saurin yin rubutun tsokana idan ransa a ɓace yake, ko kuma idan ya tarar wasu sun riga sun fara. Zagi yana yaɗuwa ke nan, na farko shi ke buɗe wa na goma hanya. Mutum ya yi kuskure ɗaya, dubu su taru a kansa, kowa yana ganin kalma ɗaya tak ya jefa, shi kuwa dubu ya karɓa. Idan ka tarar hamsin sun riga sun gyara masa, gyaranka na hamsin da ɗaya ba shi ake yi wa ba, 'yan kallo ake nuna wa. Haka ma ɗaukar hoton saƙon da mutum ya aiko maka a asirce ka baza wa duniya: in dai ba barazana ko zamba ko cin zarafi yake ƙunshe da shi ba, cin amana ne, ko da kai ke da gaskiya a rigimar. Wanda yake son mutum ya gyara da gaske yana da hanyar tura masa saƙo shi kaɗai, inda zai iya cewa "na yi kuskure" ba tare da dubban idanu a kansa ba.