Direban da ya iya mota, fasinja ba ya jin ƙafarsa

Salamu alaikum jama'a. Yau dai sai na faɗi abin da ya daɗe yana ci na a rai, wanda zai ji haushi ya yi haƙuri.

Shekaranjiya na dawo Garwa daga Marwa, nan arewacin Kamaru, a motar haya, tawa tana wurin makaniki. Yaron da ya ja mu bai wuce shekara 25 ba, kuma wallahi yana da ido, yana ganin hanya sarai, matsalar ƙafarsa ce. In totur ne har ƙasa, in birki ne har ƙasa, babu tsaka-tsaki, giya kuwa in ya sauya sai ka ji kamar an buge ka a ƙeya. Kafin mu kai Figil wata baiwar Allah mai goyo a bayana ta yi amai sau biyu, wani dattijo kusa da ni ya riƙe kujerar gaba da hannu biyu yana ta salati har muka shigo Garwa. Muna sauka sai ga samarin tasha sun zagaye shi suna masa kirari, wai wannan shi ne shofer, wai ba ya wasa da hanya. Wannan kirarin ya fi tuƙin nasa ɓata min rai, don da shi ake lalata yaran.

Ni motoboy na fara, karen mota kenan, wajen shekara ashirin da suka wuce, muna ɗauko kaya daga tashar jirgin ƙasa ta Ngaundere muna kaiwa Kuseri, wani lokaci mu haye gadar Ngeli har Injamena. Maigidana, Allah ya jiƙansa, ranar da ya fara ba ni sitiyari a ƙaramar Hilux ɗinsa, kwanon sha ya ciko da ruwa ya ajiye a ƙasa wajen ƙafarsa ya ce ja mu tafi. Ban yi taku goma ba rabin ruwan ya zube masa a takalmi. Bai yi faɗa ba, cewa ya yi yaro, mota tana da nauyi kuma nauyin yawo yake yi, kai aikinka ka dinga lallaɓa shi. Na yi watanni da kwanon nan. Daga baya ne na ji cewa Jackie Stewart, ɗan Sikotland ɗin nan da ya ci kambun tseren Formula 1 na duniya sau uku, a 1969 da 1971 da 1973, shi ma haka yake koya wa mutane, ƙwallo yake sawa cikin kwano a kan bonet ya ce ka tuƙa kada ta faɗo. Mutumin da sana'arsa gudu ce fa. Maigidana bai taɓa jin sunansa ba, hanya ce ta koya musu abu ɗaya.

Ga yadda abin yake. A ƙaramar mota, abin da ke taɓa kwalta a kowace taya kusan girman tafin hannu ne kawai, tafi huɗu su ne ke riƙe da kai da fasinjanka da lodinka. In ka taka birki nauyi ya koma gaba, baya ya yi sakayau, in ka taka totur ya koma baya, in ka karya kwana ya kwanta gefe ɗaya. Kuma riƙon da taya ke yi wa hanya kamar kuɗin cefane ne, in ka ƙarar da shi wajen nama babu na kayan miya, wato in kana tsakiyar kwana ka danna birki da ƙarfi tayar ba ta da sauran abin da za ta juya da shi, sai dai ka ga mota ta miƙe ta nufi daji kana murza sitiyari a banza. Shi ya sa ake rage gudu tun kafin a shiga kwana, a shiga a natse, sai hanya ta fara miƙewa a ƙara wuta kaɗan-kaɗan. Birki ma matsa shi ake yi kamar ana tatsar saniya, a taɓa, a ƙara, in an kusa tsayawa a ɗan sassauta don kada mutane su yi sujjada a kujerar gaba.

Kuma duk wannan daga ido yake farawa. Mai gudun kilomita 90 a awa yana cin mita 25 a kowace daƙiƙa, in kuma ka ninka gudunka nisan da birki zai ci kafin ka tsaya ninki huɗu yake yi, ba biyu ba. Wanda yake kallon bamban motar gabansa kullum cikin firgita yake. Wanda ya hango shanu tun suna gangarowa daga nesa ɗaga ƙafa kawai zai yi.

Na san abin da wasu za su ce, wai hanyoyinmu ba na lallaɓawa ba ne, ka je Mora zuwa Dabanga ka ga ramuka. Ai na sha ta, kuma a nan ne ma abin ya fi amfani. Rami ana rage masa gudu tun daga nesa, sai a saki birki kafin taya ta faɗa, don in ka faɗa kana danne da birki gaban motar ya riga ya duƙa, sifirin ba shi da sauran wurin lanƙwasa, dukan sai ya tafi kai tsaye cikin ƙarfe. Haka yashi, haka ruwan farko na damina lokacin da ƙura da baƙin mai suka haɗu kwalta ta koma kamar miyar kuɓewa, duk wani fizge-fizge a ranar shi ke juya mota.

Sai falez, wato gangaren dutse. Duk wanda ya taɓa saukowa daga Ngaundere ya nufo Garwa ya san gangaren nan da kwanoninsa, ya kuma san warin birkin da ya ƙone. Ƴan'uwana direbobi don girman Allah ku daina sa mota a firi wai kuna tsimin mai. Giyar da za ka hau dutse da ita, da ita ake sauka, a bar inji ya riƙe motar, birki ya zama taimako kawai, don in ya yi zafi ya wuce kima za ka taka ka ji babu kowa. Na ga tirela kwance a ƙasan wurin nan ba sau ɗaya ba, na kuma taɓa taimakawa aka ciro mutane, ban so in ƙara bayani. Motocin yanzu masu injekta ma in kana cikin giya ka ɗaga ƙafa su da kansu suke yanke mai, to tsimin me ake yi a firi?

Kada wani ya fahimce ni a karkace. In yaro ya faɗo titi, ko ɗan mototaksi ya yanko maka, taka birki da duk ƙarfinka, in motar mai ABS ce, wato birkin da ba ya bari taya ta kulle, za ka ji feda tana karkarwa a ƙafarka, kada ka ɗaga, aikinta take yi. Abin da nake cewa shi ne bai kamata direba ya shiga irin wannan halin sau goma a tafiya ɗaya ba.

Batun aljihu kuwa ba sai na daɗe ba, ko a gidan mai kake sha ko zuwa-zuwa, wato man da ake sayarwa a bakin titi, mai fizga ya fi ka shan mai, ya fi ka sauya takalmin birki, kulocinsa kuma ba ya shekara tunda ƙafarsa a kai take kwana.

A oto-ekol, wato makarantar koyon tuƙi, za a koya maka alamomin hanya da ribas ka samu permi, lasisi kenan, amma wannan sai dai wani babba ya zauna kusa da kai ya yi ta haƙuri, kuma manyan namu sun rage zama da yara, kowa na neman nasa. Ɗan yayata ya samu permi watan jiya yana ta roƙona in ba shi mota ya fara ɗaukar fasinja, na ce masa tukuna. Ranar Lahadi bayan la'asar in sha Allahu zan fita da shi bayan gari inda babu cunkoso, na riga na ce wa uwargida ta ajiye min kwano ɗaya. Duk wani yaro da ke nan Garwa yake so ya biyo mu ya yi min magana, akwai wurin mutum biyu a baya.