Gwanjon Kyalami da makomar filayen sukuwarmu

Wani bakanike da ke gyara mini mota a Birnin Kebbi, yaro ne mai son tseren motoci kamar ransa, shi ya jawo wannan rubutu. Ina zaune kan benci ina jiran ya gama canza mini birki, sai ya miƙo wayarsa da hannu duk baƙin mai, ya nuna mini bidiyon filin tsere na Kyalami da ke Afirka ta Kudu. Ya ce, "Malam, wanga wuri fa mutum guda ya saye shi. Mi zai hana gwamnati ta gina muna irinai, in ta gaji ta saida ma mai kuɗi?" Na yi dariya, amma tambayar ta bi ni har gida.

Gaskiya ya faɗa game da cinikin. An buɗe Kyalami a 1961 kusa da Johannesburg, kuma a can aka yi Formula 1, babbar gasar tseren motoci ta duniya, karo na ƙarshe a nahiyar Afirka, a 1993, wadda Alain Prost ya lashe. Daga nan wurin ya yi ta lalacewa, har aka kai shi gwanjo a watan Yulin 2014. Fargabar masu son wasan a lokacin ita ce kada dillalan filaye su saye shi su yanka fuloti, domin gari ya riga ya cim masa ta kowane ɓangare. Sai Toby Venter, shugaban kamfanin da ke sayar da motocin Porsche a ƙasar, ya taya rand miliyan 205, aka sallama masa. Ya sake shimfiɗa kwalta, ya gyara gine-gine, ya mayar da wani sashe zauren taro da baje koli, a 2019 kuma tseren awa tara da aka san filin da shi ya dawo. Har yau Formula 1 ba ta koma ba, ga Ruwanda ma ta fito neman gasar tun Disambar 2024. Amma filin na nan da ransa.

Abin da nake so yaron nan ya gane, tare da duk wani kwamishina da irin wannan tunani zai ɗarsu a zuciyarsa, shi ne sa'a ce ta ceci Kyalami. Sa'ar ita ce wanda ya fi kowa tayi ya zamo mai sayar da motoci ne, filin na da amfani ga sana'arsa. Da wani ne ya ɗara shi da miliyan ɗaya, da yanzu gidaje ne a wurin. Haka ta faru a Fontana ta jihar Kalifoniya a Amurka: an yi tseren ƙarshe a 2023, aka sayar da mafi yawan filin, rumbunan ajiyar kaya suka maye gurbinsa. Rockingham ta Ingila ma an rufe ta a 2018, ta koma wurin jibge motoci. Babu wanda ya yi sata a cikinsu. Ƙasar da filin ke kai ce ta fi wasan tsada, mai kuɗi kuma ba ya ajiye dukiyarsa inda ba ta haihuwa.

Labarin da ya fi kama da halinmu shi ne na Nürburgring a Jamus, don haka zan ɗan daɗe a kansa. An gina shi a 1927 a cikin duwatsun Eifel, yankin da talauci ya yi wa katutu a wancan zamani, kuma ɗaya daga cikin dalilan ginin shi ne a sama wa mutanen karkara aikin yi. Tsohuwar hanyar ta fi kilomita 20, ga hawa ga gangara ga kwana barkatai. A can direban tsere Niki Lauda ya samu mummunar ƙuna a haɗarin 1976. Shekara da shekaru wurin na hannun hukuma yana tafiya daidai gwargwado, har gwamnatin jihar Rhineland-Palatinate ta ga cewa filin tsere kaɗai bai ishe ta ba. Aka tsiri gina otal-otal, da rukunin shaguna, da wurin shaƙatawa, har da wani lilon ƙarfe mai gudu kan dogo wanda a ƙarshe kwanaki ƙalilan ya yi yana aiki. An ce 'yan kasuwa za su zuba jari, ba su zo ba, kuɗin talakawa ya toshe ramin. A 2012 kamfanin da ke riƙe da filin ya durƙushe. Hukumar Tarayyar Turai ta yanke cewa tallafin da aka ba shi, wanda ya doshi yuro miliyan 500, ya saɓa ƙa'ida. Ministan kuɗin jihar ya sauka tun 2009, daga baya kotu ta same shi da laifin cin amana. A 2014 aka sayar da wurin ga wani kamfanin kayan mota mai suna Capricorn kan yuro miliyan 77, shi ma biyan ya gagare shi, kafin shekara ta ƙare wani attajirin Rasha, Viktor Kharitonin, ya karɓe kaso mafi tsoka.

Wanda ya ga yadda masaƙar Gusau ta koma kango, ko ya bi labarin kamfanin harhaɗa Fijo na Kaduna tun daga sayar da shi har zuwa lokacin da bashi ya kai shi hannun AMCON, hukumar da ke karɓar basussukan bankuna da suka gagara biya, ba zai ji wannan labari baƙo ba. Bambancin ɗaya ne, kuma shi ne ya sa na ɗauko alƙalami. Kafin a sayar da Nürburgring, majalisar jihar Rhineland-Palatinate ta yi doka cewa duk wanda ya saya, dole ya bar ƙofa a buɗe ga jama'a. Yau kowane mai lasin da lafiyayyar mota zai iya biyan kuɗin shiga (a 2024 yuro 30 zuwa 35 ne), ya zaga tsohuwar hanyar sau ɗaya. Kamfanonin ƙera motoci na kama hayar wurin makonni suna gwajin sababbin ƙirarsu. Masu masauki da masu abinci da masu faci a ƙauyukan kewaye duk daga nan suke ci. Formula 1 kuwa tun 2013 sau ɗaya ta leƙo, a 2020 lokacin korona, kuma ba a ji wurin ya mutu ba. Ranakun Talata da Laraba ne ke ciyar da filin tsere, ba ranar babbar gasa ba. Koriya ta Kudu da Indiya sun gina nasu domin babbar gasa kawai, Yeongam a 2010, Buddh a 2011, dukansu kuma gasar ta bar su bayan 2013.

To mu dawo gida. Kebbi ba ta da filin tseren mota, kuma ba ni cikin masu cewa a gina irin na Turai. Jihar da manomin shinkafa ke kukan tsadar taki da man ban ruwa, ambaliya na cinye fadama kusan kowace damina, ba ta da hurumin zuba biliyoyi a kwaltar da ba ta kai kowa kasuwa. Sai dai muna da abubuwa guda biyu da suka sa zancen ya shafe mu.

Na farko gangamin motoci na bikin kamun kifi na Argungu. Bikin da ya samo asali tun 1934, UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2016, ya yi kusan shekara goma ba a yi ba kafin ya dawo a Maris ɗin 2020, kuma a wannan dawowar an taso da jerin motoci tun daga Abuja har Argungu. Abin sha'awa ne, amma na kwana kaɗan ne. Ana watsewa daga bakin kogin Matan Fada inda ake kamun kifin, sai masauki da rumfuna su koma jiran wata shekara, in ma an yi. Ciwon Yeongam ke nan, ƙarami.

Na biyu kuma su ne filayen da muka gada. Kusan kowane babban gari a Arewa yana da filin sukuwa ko filin idi ko filin ƙwallo a tsakiyarsa, kuma kowa ya san yadda idon masu fuloti ke kansu. Filin sukuwa na Legas shi ne ya zama dandalin Tafawa Balewa. Namu ba gwanjo ake kai su a bainar jama'a ba, gutsura ake yi: yau shago a gefe, gobe katanga, jibi ka ji an ce ai da takarda. A lokaci guda kuma samarinmu na wasan mota da babur a kan titi ranar ɗaurin aure, suna juyi a shataletale, ana kwasar wasu zuwa asibiti, wasu zuwa maƙabarta. Hukuma ta hana, su ɓuya wata biyu, su dawo. Hani ga mai neman wurin wasa kamar toshe ruwa ne da hannu.

Wani zai ce ai ɗan kasuwa ya fi gwamnati iya riƙo, a sayar kawai a huta. Ban musa rabin maganar ba. Iyalan Hulman sun riƙe filin tseren Indianapolis na Amurka tun 1945, da suka tashi sayarwa a 2019 suka nemi Roger Penske, mutumin da ya shafe rayuwarsa a harkar tsere, suka damƙa masa. Zaɓen mai saye suka yi, ba su bar wa mai tayi mafi tsoka ba. Gwamnati ba ta da wannan 'yancin, don in ta zaɓa za a ce ta ba ɗan gida, kuma sau da yawa gaskiya ne. Abin da take da shi shi ne takarda. Shi ya sa nake ganin haya ta shekaru ƙayyadaddu ta fi sayarwa. A rubuta cewa filin na wasa ne, ba za a yanka shi ba. A rubuta kwanakin da talaka zai shiga da kuɗin da ba zai fi ƙarfinsa ba, da ranar da mahaya dawaki za su yi sukuwarsu ba tare da roƙo ba. Wanda ya saɓa, fili ya koma hannun jiha. Majalisar dokoki ta amince, a karanta a rediyo kowa ya ji.

A irin wannan fili, a wajen gari, ba a buƙatar fiye da hanyar ƙasa da aka daddaɓe, da shingen tsofaffin tayoyi, da motar asibiti a gefe, da jami'an kiyaye haɗura masu duba hular kwano. Makarantun koyon tuƙi su kama hayar safiya, 'yan wasan babur su karɓi yammacin Asabar, gangamin Argungu ya samu wurin ƙarewa.

Da na koma karɓar mota na faɗa wa yaron duk wannan. Ya saurara yana goge hannu da tsumma, sannan ya ce, "To Malam, in an yi, a bar muna rumfar gyara bakin ƙofa."