Ranar da Makirfo Ya Ƙara Kuɗin Makaranta

A makarantarmu, duk abin da ke da waya ko maɓalli ana ɗauka malamin kimiyya ya san sirrinsa, shi ya sa aka ɗora mini nauyin kayan sauti a bikin yaye ɗalibai na bara. Ban taɓa haɗa lasifika ba a rayuwata, amma wanda ya saba cika baki da ilimin lantarki a ɗakin malamai ba shi da bakin cewa bai iya ba.

Kayan su ne amfilifaya ɗaya, lasifika biyu, makirfo marar waya mai cin ƙananan batura biyu, sai wani ɗan akwati mai eriya biyu wanda ke cafke murya ta iska ya miƙa wa amfilifaya. Ana gobe biki na gwada su a filin taro babu kowa, na yi ta kiran "gwaji, gwaji" har bakin ƙofar makaranta, murya tana fita tangaram. Da gari ya waye sai tsoron hannun yara ya kama ni, saboda haka na kwantar da eriyoyin, na tura akwatin cikin kabad ɗin ƙarfe da ke bayan rumfa, na fito da wayoyinsa ta wata kafa, na danna kwaɗo, ina yaba wa kaina da hangen nesa.

Fili ya cika maƙil da iyaye, shugaban makaranta ya miƙe cikin babbar riga, ya damƙe makirfo ta gindinsa kamar mai riƙe da taɓarya, ya shiga jawabi. Tun daga gaisuwa murya ta fara ɗaukewa tana dawowa, amma babu wanda ya damu, domin kowa ya haddace jerin manyan baƙi. Masifar ta sauka ne lokacin da ya zo kan albishir ɗin da ya kwana yana shiryawa. Abin da bakinsa ya faɗa shi ne, "Ba za mu ƙara kuɗin makaranta a bana ba." Makirfo ya haɗiye "ba" ta farko, ya haɗiye ta ƙarshe, ya isar da abin da ke tsakaninsu garau har kunnen mai sayar da rake a bakin titi.

Rumfar mata ta ɗauki salati. Wani dattijo ya miƙe yana kakkaɓe riga, yana neman takalmansa. Shugaba ya juyo ya zuba mini ido, ya ce, "Malam, me ke faruwa ne?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, batir ne." Na sa sababbi, abin bai canza ba. Na ɗora laifin a kan janareto, aka kashe fankokin manyan baƙi suka shiga fifita da takardar shirin biki, nan ma shiru. Na roƙi jama'a su kashe wayoyinsu, kuma na yi roƙon da makirfon da ke yankewa, don haka rabinsu suka ji na ce su kashe, ba su ji me za su kashe ba. Da dabara ta ƙare sai na murɗa amfilifaya har ƙarshe, lasifika ta ƙwalla wata irin ƙara da ta tashi jarirai duka daga barci.

Ina cikin sharce gumi wani ɗan aji biyar, wanda na ba maki 31 a jarrabawar da ta wuce, ya durƙusa kusa da ni ya ce, "Malam, ba kai ka koya mana cewa ƙarfe yana tare siginar rediyo ba?" Ya ƙara da cewa jikin mutum yawancinsa ruwa ne, yana shanye sigina, ga shi ɗaruruwan mutane sun tsaya tsakanin mai magana da akwatin, sannan eriyar makirfon tana gindinsa, daidai inda shugaba ya damƙe. Duk abin da ya faɗa yana cikin darasina, har misalan ma nawa ne.

Muka buɗe kabad, muka ɗora akwatin a kan tebur sama da kawunan jama'a inda zai hangi mai magana, muka miƙar da eriyoyin, aka roƙi shugaba ya riƙe makirfo ta tsakiya. Murya ta dawo, ya maimaita albishir ɗinsa sau uku yana dannan kowace "ba" kamar mai buga hatimi, dattijon nan ya koma ya zauna.

Abin da ban sani ba shi ne, irin waɗannan makirfofi masu araha sukan zo a kan zangon rediyo ɗaya, kuma a layin bayan makaranta ana bikin aure da irin namu. Shugaba yana kashe makirfonsa domin liman ya rufe taro da addu'a, jama'a sun ɗaga hannuwa, sai akwatin da yanzu kunnensa ya buɗe ya cafko muryar sanƙira, lasifikarmu ta sanar da iyaye da manyan baƙi cewa yayar ango ta liƙa naira dubu biyar.